"Ina cikin hayyacina": maganar da ta fi ba ni tsoro a bakin direba

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Mun shiga watannin ƙarshen shekara, lokacin da tashoshi suke cika maƙil, kuɗin mota ya hau, kowane direba yana son ya yi sawu biyu a inda ya saba yin ɗaya. Kusan kullum ka buɗe Facebook sai ka ci karo da hoton mota ta yi kwatsa-kwatsa, a ƙasa an jera addu'o'i. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, amin. Mukan zagi lalacewar hanya, mu zagi gudu, mu zagi tayoyin gwanjo, kuma duk gaskiya ne. Amma akwai abu guda da muke kewayewa, musamman mu 'yan Arewa, kamar ba a gidanmu yake ba: abin da wasu direbobi suke kurɓa kafin su kama sitiyari.

Bari in fara da abin da ya faru da ni, don kada a ce shaci-faɗi nake yi.

Kwanakin baya na taso daga Abuja zan je Jos a motar haya, ina kujerar gaba. Muna jiran mota ta cika, sai na hango direbanmu ya je wurin wata mata mai faranti a bayan rumfa, ya karɓi wata 'yar leda, ya fasa da haƙori, ya zuƙe a kurɓi ɗaya, ya jefa goro a baki ya dawo. Da ya shigo na ce masa, "Malam direba, me ka sha haka?" Ya yi dariya ya ce, "Alhaji maganin ciwon baya ne, ka san zaman mota." Na yi shiru. Wallahi na ji warin, na kuma san ko mene ne, amma na yi shiru. Na riga na biya kuɗi, kayana suna can ƙarƙashin na mutane, ga rana tana yi. Kuma gaskiya mutumin bai yi kama da mashayi ba ko kaɗan. Tsaf yake, yana ba da canji daidai, yana raha da kowa.

Har muka wuce Keffi ban ga abin zargi ba, sai dai surutunsa da ya ƙaru. A Akwanga aka tsaya cin abinci, ya ɓace na ɗan lokaci ya dawo da sabon goro. Daga nan ne na fara lura. Sitiyari a hannunsa daram, canjin giya kuwa kamar ruwa (giyar mota nake nufi, kun ga ma yadda Hausa ta haɗa mana su a kalma ɗaya). Amma sai ya manne wa motar gabansa har kana karanta ƙananan rubutun da ke bayanta. Wani ɗan acaɓa ya fito daga gefe, duk mun gan shi, shi kaɗai ne bai gan shi ba sai da aka yi ihu. Da muka iso Hawan Kibo, inda manyan motoci suke jan jiki da ƙyar, ya gaji da bin wata tirela, ya fito zai wuce ta a daidai kwana. Wata mota ta ɓullo daga sama. Abin da ya cece mu, bayan ikon Allah, shi ne direban waccan motar ya sauka gefen titi ya ba mu wuri. Wata dattijuwa a baya ta fashe da salati, ta ce, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah, da jikoki nake tafe." Ya juyo yana murmushi ya ce, "Baba kwantar da hankalinki, shekara ashirin ina bin hanyar nan, ina cikin hayyacina."

Abin da ya dame ni tun daga ranar shi ne, mutumin nan ba ƙarya yake yi ba. Har cikin zuciyarsa haka yake ji. Kuma a nan matsalar take.

Mu a tunaninmu, mai maye shi ne wanda yake tangaɗi, harshensa ya karye, idonsa ya yi ja, yara suna binsa. Da wannan ma'aunin muke duba direba. In yana tafiya daidai yana magana daidai, sai mu ce lafiyarsa ƙalau. Alhali tangaɗi yana cikin abubuwan da suke zuwa daga baya. Barasa ba ta fara da ƙafa, da kai take farawa, kuma a kan ma tana fara taɓa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda aikinsa auna abu kafin a yi shi, da hana mutum abin da zuciyarsa ta raya masa. Sashen da yake ce maka "dakata, kwana ce, ba ka ganin abin da ke zuwa." Wato abin da zai gaya wa mutum cewa ya fara lalacewa, shi ne farkon abin da yake lalacewa. Kamar a ce ɓarawo ya shigo gida ya fara da ɗaure maigadi. To wa zai yi ihu?

Shi ya sa masu sha suke rantsuwa cewa tana "buɗe musu ido" ko tana "saita" su. Barasa ba mai farkarwa ba ce, mai kwantarwa ce. Tana ƙara ƙarfin wani sinadari a ƙwaƙwalwa da masana suke kira GABA, wanda yake rage gudun saƙonni tsakanin jijiyoyi, tana kuma danne wanda yake zaburar da su. Kuzarin da mutum yake ji da farko, da sakin baki da ƙarfin hali, ba ƙarin basira ba ne, birkin cikin kai ne ya saki. Tsoro ya ragu, shi kuma direba a kan babbar hanya yana buƙatar wani gwargwado na tsoro kamar yadda yake buƙatar mai a tanki.

Mu ɗan tsaya a kan tuƙin kansa, don na lura da yawanmu mun ɗauke shi aikin hannu da ƙafa. Ba haka ba ne. Wanda ya daɗe yana tuƙi, hannunsa da ƙafarsa sun haddace aikinsu, ba sai ya yi tunani ba. Wannan ɓangaren da jiki ya haddace yana jure wa barasa sosai, shi ya sa direbanmu yake canja giya lafiya lau, kuma shi ya sa ya yaudare mu, ya yaudari kansa. Amma ainihin tuƙi yana cikin abin da ba a haddacewa. Idonka yana kan titi, kana leƙa madubi, kana lissafin gudun motar da ke tahowa, kana lura da yaron da ke tsaye a bakin hanya ko zai tsallaka, ga rami, ga akuya, ga fasinja yana maka magana. Duk a lokaci ɗaya. Wannan iya raba hankali gida-gida yana cikin abubuwan da barasa take fara ragewa, tun tana 'yar kaɗan a jini. Sai hankali ya tattaru a abu guda, yawanci abin da ke gabansa kai tsaye, na gefe kuma ya zama kamar babu shi. Ɗan acaɓan nan da duk muka gani, idon direban ma ya faɗa kansa. Ƙwaƙwalwar ce ba ta karɓi saƙon da wuri ba.

Sai batun auna nisa da gudu. Wuce mota a hanya mai hannu ɗaya lissafi ne mai wuya, muna dai yinsa ne ba tare da mun sani ba: tsawon tirelar nan nawa ne, ƙarfin motata da lodin da ke cikinta zai kai, waccan mai zuwa daƙiƙa nawa ya rage ta iso. Barasa tana ɓata lissafin, sannan ta ƙara wa mutum yarda da amsar da ya samu. Kuskure da tabbaci a haɗe. Da dare kuma abin ya fi muni, domin idon da ya sha yana daɗewa kafin ya warware bayan fitilar wata mota ta haske shi, ga mu da al'adar kunna cikakkiyar fitila ba mai rage wa wani.

Ga wani lissafi da kowa zai iya yi da wayarsa. Motar da take gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa ɗaya. In abin da mutum ya sha ya jinkirta ƙafarsa zuwa birki da rabin daƙiƙa kacal, rabin daƙiƙar da shi kansa ba zai taɓa jin ta ba, motar ta ƙara tafiyar mita 14 kafin ma birki ya fara aiki. Mita 14 ya kai tsawon ƙananan motoci uku a jere. Tsakanin "Allah ya kiyaye" da "Allah ya jiƙansa" sau da yawa bai kai haka ba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1964 wani Ba'amurke mai suna Robert Borkenstein, wanda shi ne ya ƙirƙiro na'urar busawa ta gwajin barasa a numfashi, ya jagoranci wani babban bincike a garin Grand Rapids na jihar Michigan. Sun gwada direbobin da suka yi haɗari, suka kwatanta da waɗanda suka bi wuraren lafiya, suka ga yadda yiwuwar haɗari take hawa da yawan barasar da ke jini, kuma ba hawan tsani take yi ba, can sama ninkawa take yi. A kan irin wannan binciken ƙasashe suka gina dokokinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin yana farawa tun daga 'yar kaɗan, yana kuma ƙaruwa sosai daga giram 0.04 a cikin mililita 100 na jini. Shawararta ita ce kada doka ta bari a wuce 0.05, sababbin direbobi da matasa kuma 0.02. Ingila da yawancin jihohin Amurka suna kan 0.08, Sikotilan ta sauko zuwa 0.05 a 2014, Suwidin kuwa 0.02 ce. Ku lura, a duk waɗannan matakan yawancin mutane ba sa tangaɗi. Waɗanda suka kafa dokokin nan ba malaman addini ba ne, da yawansu ma suna sha. Gawarwaki suka ƙirga.

To yanzu mu dawo kan 'yar ledar nan da ake rainawa. Giyar kwalba yawanci barasar cikinta wajen kashi 5 cikin ɗari ce. Abin da ake ɗurawa a leda kuwa, irin su jin da ogogoro da masu ɗacin nan da ake cewa na gargajiya ne, yakan kai kashi 30 zuwa 40. Ɗauki leda mai mililita 50 a kashi 40, tsantsar barasar cikinta mililita 20 ce. Babbar kwalbar giya mai mililita 600 tana da 30. Ke nan leda biyu sun wuce babbar kwalba guda, kuma ita kwalba zama ake yi a sha a hankali, leda kuwa zuƙa ɗaya ce, sau da yawa da safe ciki ba komai, inda take saurin shiga jini. Wai maganin basir, wai maganin sanyi, wai na ciwon baya. Wasu direbobin na yarda har ga Allah sun ɗauka magani suke sha, domin ba a ce musu giya ba ce, kuma ba a kwalba take ba.

Akwai kuma abin da ya kamata kowane fasinja ya sani: barasa ba ta kai ƙololuwarta a jini nan take. Takan ɗauki kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, wani lokaci fiye in akwai abinci a ciki. Direban da ya sha a tasha, a lokacin da kake kallonsa kana cewa ai lafiyarsa ƙalau, da gaske lafiyar tasa ƙalau, tukuna. Sai kun fita gari, hanya ta buɗe, ya taka totur, sannan abin yake isa inda za shi. Fitarta kuma a hankali take, hanta ce take aikin, kuma ba a sa ta sauri. Goro, shayi mai kauri, kofi, wanka da ruwan sanyi, lemon ƙarin kuzari, babu wanda yake cire ko ɗigo daga jini. Iyakarsu su kore barci, sai ka samu mai maye wanda idonsa biyu, wanda a ganina ya fi mai gyangyaɗi haɗari, don shi ba zai faka ba. Wanda ya sha da yawa da tsakar dare ya kwanta awa uku ya tashi lodin asuba, da sauranta a jikinsa, ko da ya rantse ya wartsake. Masana sun daɗe da lura cewa idan barasa ta fara sauka, jin maye yana gushewa tun kafin ƙwarewar ta dawo.

Na san wani zai ce, ai wannan matsalar Kudu ce, mu nan akwai Shari'a, Hisbah tana fasa kwalabe a Kano. Ɗan'uwa, motocinmu ba a Kano kaɗai suke kwana ba. Direbanmu na ranar nan Hausa yake yi tsantsa, ga carbi rataye a madubi. Ni abin da nake gani ma, ɓoyon da ake yi a wurinmu yana ƙara wa abin haɗari ta wata fuska. Wanda yake jin kunya a gan shi ba zai zauna da kwalba a fili ba, zai nemi mai ƙarfi, ƙarama, mai shiga aljihu, ya shanye da sauri ya rufe warin da goro ko alawa ko turare. Kuma in ya sha ba zai iya kiran ƙaninsa ya ce zo ka tuƙa ni gida ba, domin asiri zai tonu. Gara ya kama sitiyari da kansa. Wannan ba direbobin haya kaɗai ba, har da masu manyan motoci na kansu da suke dawowa daga inda suka je ƙarfe ɗayan dare, da samarin da suke wasa da mota a rakiyar amarya. Haramcin da addini ya yi a bayyane yake, ba ni da abin ƙarawa a kai. Amma faɗin haramun ne bai gwada numfashin kowa a tasha ba, kuma mun fake da shi mun ƙi yin maganar a fili.

Ba kuma ina cewa duk direbobi haka suke ba, kada 'yan'uwana direbobi da ke bibiyata su zo min da zafi. Mafi yawanku ko sigari ba kwa sha, na sani. Na kuma san halin da ake ciki: kuɗin mai, balas ɗin mai mota, na tasha, na kan hanya, mutum ya kwana biyu bai miƙe bayansa a katifa ba. Ciwon bayan gaskiya ne, gajiyar ma gaskiya ce. Ita gajiyar ma a kan kanta bala'i ce. Wani bincike da aka yi a Ostareliya aka wallafa a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 bai yi barci ba, aikinsa yana lalacewa kwatankwacin mai 0.05 a jini. To ka haɗa wannan da leda biyu. Ba na son in shiga batun tiramol da kodin a nan, wannan rubutu ne na daban, sai dai kowa ya san a faranti ɗaya ake samun wasunsu.

Hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da hana sayar da barasa a leda da ƙananan kwalabe 'yan ƙasa da mililita 200 a watan Fabrairun 2024, bayan wa'adin shekara biyar da aka ƙulla da masu masana'antu tun 2018 ya cika. Masu kamfanoni da ma'aikatansu suka yi ca a kan asarar ayyuka, Majalisar Wakilai ta sa baki, aka shiga ja-in-ja. Ina tausaya wa mai neman abinci, har da matar nan mai faranti, wadda wataƙila da shi take ciyar da marayu. Amma ra'ayina a nan ba shi da kwana: ko me za a yanke game da leda a cikin gari, bai kamata a sayar da barasa ko wace iri ce a cikin tasha ko bakin ƙofarta ba. Wannan ba sai an jira Abuja ba. Shugabannin tasha da suke iya hana direba lodi saboda bai biya kuɗin tikiti ba, suna iya hana shi saboda an gan shi da leda. Na'urar busawa kuma ba jirgin sama ba ce, ƙungiyar da take karɓar kuɗi a kan kowace mota kullum tana iya sayen guda biyu ta ajiye a ƙofar fita. Jami'an kiyaye haɗurra, waɗanda aka kafa hukumarsu tun 1988, ba za su taɓa isa kowace kwana ba, amma kowace motar tasha ta ƙofa ɗaya take fita.

Saura mu fasinjoji, kuma a nan da kaina nake. Mu bakwai ne a motar nan ban da yara. Daga baya da muka sauka, mutum biyu suka ce min su ma sun ga lokacin da ya sha. Kowa ya gani, kowa ya yi shiru yana jiran wani ya fara, kowa yana gudun a ce ya cika iyayi ko ya tona wa bawan Allah asiri. Da na buɗe baki a tasha na ce a canja mana direba ko a ba ni kuɗina, na tabbata da an samu masu mara min baya, ko da an yi 'yar hayaniya. A tasha kana da zaɓi, ga shugabanni, ga wasu motoci. A tsakiyar Hawan Kibo ba ka da komai sai salati. Kuma gardama da shi a kan hanya ba ta da amfani, domin wanda kake so ya fahimce ka, wato hankalinsa, shi ne ba ya nan. Duk abin da ka faɗa amsa ɗaya za ka samu, irin wadda dattijuwar nan ta samu.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan sake bin hanyar. Na yanke shawarar zan je tasha da wuri, in riƙe jakata a hannu ba za ta shiga but ba sai an kusa tashi, in tambayi wane ne direban, in zauna inda zan riƙa ganinsa. In na ga ya nufi faranti, zan je wurin shugaban tasha in faɗa masa a hankali ba tare da tozarta kowa ba, in an ƙi saurarata in sauka, ko da kuɗin motar zai tafi. Dubban nairorin nan na sha asarar fiye da su a abin da bai kai wannan ba.

Direbobin da ke cikinku, musamman masu dogon zango, ina son in ji daga bakinku: a tasharku akwai wanda aka taɓa hana lodi saboda wannan? In akwai ku faɗa mana yadda aka yi, ba sai kun ambaci suna ba.